Dabarun Nazari Mai Inganci: Misali daga Jarrabawar Shiga Makarantar Likitancin Haƙori a Amurka

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malami yakan ci karo da ɗalibai biyu da suka yi kunnen doki wajen ƙwazo da yawan sa'o'in da suke shafewa a kan littafi, amma idan sakamakon jarrabawa ya fito sai a tarar da tazara mai yawa a tsakaninsu. Abin da aka saba faɗa shi ne, wai ɗaya ya fi ɗaya ƙwaƙwalwa. Wani lokaci haka abin yake. Sai dai binciken da masana halayyar koyo suka shafe fiye da shekara ɗari suna gudanarwa ya nuna cewa wani babban kaso na wannan bambanci yana tattare ne da abin da kowannensu yake aikatawa a cikin waɗannan sa'o'i. Akwai karatun da ke gajiyar da ido kawai, akwai kuma wanda ke zama a ka.

Wannan babi zai yi bayani ne a kan dabarun nazari mai inganci, ta hanyar ɗaukar misalin jarrabawa guda ɗaya, wato wadda ake yi wa masu neman shiga makarantun koyon likitancin haƙori a ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da DAT. An zaɓe ta ne saboda ta tattara nau'o'in koyo da yawa a zama ɗaya: akwai hadda, akwai lissafi, akwai fahimtar rubutu, sannan akwai auna siffofi da ido, kuma duk a cikin ƙurarren lokaci. Saboda haka, kusan duk wata matsala da ɗalibi kan fuskanta wajen shirin jarrabawa ana samun ta a nan.

2.0 Jarrabawar DAT da Tsarinta

A Amurka, ɗalibi ba ya shiga karatun likitancin haƙori kai tsaye daga sakandare. Galibi sai ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, inda zai ɗauki darussan bayoloji da kemistiri da fiziks, daga nan ya nemi gurbi a makarantar likitancin haƙori, wadda ita ma takan ɗauki shekara huɗu. Irin wannan makaranta ta farko a duniya an kafa ta ne a birnin Baltimore a shekarar 1840. Ita kuwa jarrabawar shiga, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ce ke shirya ta, kuma tun shekarar 1950 ake gudanar da ita a faɗin ƙasar. Da kwamfuta ake yin ta a cibiyoyin kamfanin Prometric, kuma ɗalibi ne ke zaɓar ranar da zai zauna.

Jarrabawar ta ƙunshi tambayoyi 280, dukkansu irin na zaɓi-ka-cika, waɗanda aka kasa gida huɗu. Kashin farko na kimiyya ne, mai tambayoyi 100 a cikin minti 90. Daga ciki 40 na bayoloji ne, 30 na kemistiri na bai-ɗaya, sauran 30 kuma na kemistirin sinadaran da ke ɗauke da kabon. Kashi na biyu shi ne na auna siffofi da ido, mai tambayoyi 90 a cikin minti 60. Bayan hutun minti 30, wanda ba dole ba ne, sai kashin auna fahimta, inda ake ba da matanai uku kan batutuwan kimiyya da tambayoyi 50 a cikin minti 60. Na ƙarshe shi ne lissafi, mai tambayoyi 40 a cikin minti 45. Lokacin amsa tambayoyi kaɗai sa'a huɗu ne da minti 15, idan kuwa aka haɗa da hutu da bayanan share fage, zaman yakan wuce sa'a biyar. Babu tambayoyin fiziks a ciki, duk da cewa makarantun suna buƙatar ɗalibi ya yi darasin a jami'a.

Shekaru da dama ana ba da maki ne daga 1 zuwa 30, amma daga watan Maris na 2025 aka koma ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 600. Ana haɗa makin bayoloji da na kemistiri biyun da na auna fahimta da na lissafi a fitar da matsakaicinsu, shi kuwa makin auna siffofi daban ake nuna shi. Ba a rage wa ɗalibi maki don ya zaɓi amsar da ba daidai ba, don haka barin tambaya babu amsa hasara ce tsagwaronta.

Faɗuwa a wannan jarrabawa tana da tsada. Kuɗin rajista ya haura dala 500, wanda bai gamsu da makinsa ba kuma sai ya jira kwana 60 kafin ya sake zama, sannan makarantun da ya nema za su ga cewa ba wannan ne zamansa na farko ba. Tun da yake yawancin makarantun suna tantance masu nema ne bi da bi gwargwadon isowar takardunsu, jinkirin wata biyu yana iya sa ɗalibi ya tarar guraben sun ragu, ko ma ya jira wata shekarar.

2.1 Abin da Alƙaluman ke Nunawa

Matakin farko na nazari mai inganci shi ne ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya raba lokaci da yawan tambayoyi. A kashin kimiyya, kowace tambaya tana da sakan 54. A kashin siffofi sakan 40 ne kacal. A na lissafi kuwa bai kai sakan 70 ba, a na auna fahimta kuma sakan 72, kuma a cikinsu ne za a karanta matanin kansa. Wannan ɗan lissafi yana sauya ma'anar kalmar "sani". Ɗalibin da zai iya warware tambayar kemistiri a minti uku, littafi na buɗe a gabansa, bai san ta ba a ma'aunin wannan jarrabawa. Abin da ake aunawa shi ne iya zaƙulo ilimi daga ka cikin hanzari, ba tare da wani ya tuna wa mutum babin da tambayar ta fito ba.

Har ila yau, ƙungiyar da ke shirya jarrabawar tana fitar da littafin jagora mai ɗauke da jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu, kuma ana sabunta shi. Wanda ya fara karatu bai duba wannan jeri ba, yakan ɓata makonni a kan abin da ba za a tambaya ba. Ana kuma ba wa ɗalibi jadawalin sinadarai a kan allon kwamfuta a kashin kimiyya, da ƙaramar kalkuleta a kashin lissafi kaɗai. Ke nan haddace nauyin kowane sinadari aikin banza ne, amma iya yin lissafin kemistiri da hannu wajibi ne.

3.0 Mantuwa da Ruɗin Sani

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna yawan abin da ya saura bayan wani lokaci, ta hanyar duba sauƙin da ya samu wajen sake haddace su. Ya gano cewa bayan sa'a ɗaya abin da ya rage bai kai rabi ba, bayan kwana ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin uku ne, bayan wata guda kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wato mantuwa tana zuwa ne da gudu a farko, daga baya ta lafa. Gaskiya ne abu mai ma'ana ya fi gaɓoɓin banza daɗewa a ka, amma salon zubewar iri ɗaya ne.

Illar ba a mantuwar kaɗai take ba. Babbar illa ita ce ɗalibi ba ya jin lokacin da take faruwa. Idan ya karanta babin da ke bayanin yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu, ya sake karanta shi washegari, zai ji kalmomin suna tafiya sumul, kowane zane ya zama sananne. Wannan sauƙi shi ne yake ɗauka a matsayin sani. Alhali gane abu idan an gan shi daban, iya kawo shi idan ba ya nan kuma daban. Hausawa na cewa da gani ci ne, da kare bai kwana da yunwa ba. Mutum yakan gane fuskar wanda suka taɓa haɗuwa a kasuwa, amma a ce ya faɗi sunansa sai ya yi ta inda-inda. A ɗakin jarrabawa kuwa sunan ake tambaya.

A shekarar 2013, John Dunlosky da abokan aikinsa sun yi bitar binciken da aka gudanar a kan dabarun karatu guda goma da ɗalibai ke amfani da su. Maimaita karanta littafi da ja wa layuka alƙalami mai launi, waɗanda su ne ɗalibai suka fi ƙauna, sun faɗa cikin rukunin masu ƙarancin amfani. Dabaru biyu kaɗai suka samu matsayi na sama: gwada kai da tambayoyi, da kuma rarraba karatu a kan lokaci mai tazara.

3.1 Gwada Kai

An daɗe ana ɗaukar gwaji a matsayin ma'auni kawai, wato abin da ake yi bayan an gama koyo don a ga inda aka kwana. Bincike ya nuna cewa shi kansa gwajin hanyar koyo ce. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis sun ba ɗalibai gajerun matanai su karanta. A wani matanin an sa su sake karantawa, a wani kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka auna su bayan minti biyar, maimaita karatu ne ya yi rinjaye, da kashi 81 cikin ɗari a kan kashi 75. Da aka auna bayan mako guda kuwa sai labari ya sha bamban: maimaita karatu ya ba da kashi 42, gwada kai ya ba da kashi 56. A gwaji na biyu da suka yi, waɗanda suka karanta sau huɗu sun tuna kashi 40 bayan mako, waɗanda suka karanta sau ɗaya aka gwada su sau uku kuma suka tuna kashi 61. Wani abin lura shi ne, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna.

Ga mai shirin DAT, fassarar wannan a aikace ba ta da wuya. Idan ya karanta bayanin yadda ƙoda ke tace jini, sai ya rufe littafin, ya ɗauki farar takarda ya zana sassan da jini da fitsari ke bi, ya rubuta abin da ke faruwa a kowane sashe. Bayan ya kai iyakar abin da zai iya tunawa, sai ya buɗe ya gwada, ya cike giɓin da alƙalami mai wani launi. Wuraren da launin ya bayyana su ne aikinsa na gobe. A kemistirin kabon kuma, maimakon ya riƙa kallon jerin sinadaran da aka haɗa da abin da suka haifar, sai ya rufe sakamakon ya fitar da shi da kansa, wani lokaci kuma ya juya, ya fara daga sakamako ya nemo abin da aka haɗa.

Wannan hanya ba ta da daɗi. Tana da nauyi a ka, tana kuma tona wa mutum asirin rashin saninsa a kullum, shi ya sa ɗalibai ke gudunta su koma ga maimaita karatu mai kwantar da hankali. Masanin nan Robert Bjork ya yi bayani tun a 1994 cewa akwai wahalhalun da ake so a cikin koyo, wato waɗanda ke rage saurin ci gaba a ido amma suke ƙara wa abin da aka koya ƙarko. Sai dai akwai sharaɗi: dole a duba amsa bayan gwajin. Wanda ya zaƙulo kuskure daga kansa bai gyara ba, kuskuren ya ƙara wa gindin zama.

3.2 Rarraba Karatu a kan Lokaci

Sa'a shida da aka shafe a kan batu ɗaya a rana ɗaya ba su kai sa'a shida da aka rarraba a kan kwana shida amfani ba. Dalili kuwa shi ne, bitar da aka yi nan take bayan karatu ba ta sa ƙwaƙwalwa aiki, domin abin yana nan a sama-sama. Bitar da ke da amfani ita ce wadda aka yi lokacin da abin ya fara dushewa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san makarantar allo, inda mai hadda ba ya barin abin da ya wuce don ya samu ƙari. Yakan koma yana tilawarsa da ka lokaci bayan lokaci, domin ya san abin da aka bari yakan zube.

Wace tazara ce ta fi dacewa? Nicholas Cepeda da abokan aikinsa sun gwada mutane fiye da 1,350 a wani bincike da aka wallafa a 2008. Sun gano cewa amsar ta danganta ne da nisan ranar jarrabawa. Idan saura mako guda, tazarar da ta fi kyau tsakanin karatu da bita takan kai kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na wannan lokaci, wato kwana ɗaya zuwa uku. Idan kuwa saura shekara ne, takan zama kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato makonni kaɗan. Ke nan mai shirin wata uku ba ya buƙatar bin kowane babi kullum. Abin da yake buƙata shi ne ya tabbata babu babin da ya karanta sau ɗaya ya yi masa sallamar ƙarshe.

Hanya mafi sauƙi ta tsara wannan ita ce ta katunan tambaya, wadda wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa a shekarar 1972. Ana rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa, a tanadi akwatuna uku ko biyar. Katin da aka amsa daidai yana matsawa akwati na gaba, wanda ba a cika buɗewa ba. Wanda aka kasa kuma yana komawa akwati na farko, wanda ake buɗewa kullum. Ta haka lokaci ke tafiya ga abin da ba a sani ba. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, kan wannan tunani na tazara aka gina ta, kuma ɗaliban fannin lafiya suna yawan amfani da ita. Amma kwali da almakashi ma sun wadatar. Kati ya fi dacewa da bayoloji, inda batutuwa ke da faɗi kuma sunaye ke da yawa. Ba ya koyar da lissafi, ba ya kuma maye gurbin fahimta. Ɗalibin da ya haddace katuna dubu a kan abin da bai gane ba, da zarar an sauya wa tambaya riga sai ya ɓata.

3.3 Cakuɗa Nau'o'in Tambayoyi

Littattafan makaranta sukan jero tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen kowane babi. Wanda ya gama babin iskar gas ya san duk tambayoyin da ke biye da ƙa'idojin iskar gas za a warware su, saboda haka an riga an yi masa rabin aikin. A jarrabawa babu wannan gata. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun nuna girman wannan matsala a 2007, lokacin da suka koya wa ɗalibai lissafin cikin wasu siffofi guda huɗu. Waɗanda suka yi atisaye nau'i bayan nau'i sun ci kashi 89 a lokacin atisayen, masu cakuɗawa kuma kashi 60. Bayan mako guda, na farkon suka dawo kashi 20, masu cakuɗawa suka ci kashi 63. Abin da masu cakuɗawa suka koya shi ne tantance irin tambayar kafin zaɓar dabarar warware ta. Don haka, da zarar ɗalibi ya fahimci sabon batu ya kuma yi 'yan misalai a kansa, ya kamata ya jefa shi cikin tsofaffi.

4.0 Kashin Auna Siffofi da Ido

Wannan kashi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bambanta DAT da sauran jarrabawar shiga fannonin lafiya, kuma babu darasin jami'a da ke shirya ɗalibi dominsa. Likitan haƙori yana aiki ne a wuri matsattse, sau da yawa yana kallon haƙorin ta cikin ɗan madubi, inda komai ke juye. Yana kuma duba hoton da na'ura ta ɗauka, wanda shimfiɗaɗɗe ne, ya hango siffar haƙori mai tsawo da faɗi da kauri. A da, alli ake ba masu jarrabawar su sassaƙa wata siffa da wuƙa, kafin a maye gurbin wannan da tambayoyin zane a farkon shekarun 1970. A Kanada, wadda ke da tata jarrabawar daban, a da an daɗe ana amfani da sassaƙar sabulu.

Tambayoyin 90 sun kasu gida shida, kowane gida 15. Akwai inda za a nuna wani abu a ce a zaɓi kafar da zai iya ratsawa daidai, kamar makulli da kafarsa. Akwai inda za a nuna abu ta fuska biyu a nemi ta ukun. Akwai jera kusurwoyi huɗu daga ƙarama zuwa babba, ba tare da ma'auni ba. Akwai takardar da aka ninke aka huda, a ce a nuna inda hudojin za su bayyana idan an warware ta. Akwai ƙirga fuskokin tubala, sai kuma shimfiɗaɗɗen zane da za a naɗe a zuci a faɗi siffar da zai bayar.

Alal misali, a ɗauki tambayar tubala. Ana nuna tarin tubala masu fuska shida, irin ƙwayar sukari, an manne su da juna an shafa musu fenti ta ko'ina ban da ƙasan da suke zaune a kai. Idan tubala uku ne a jere, na tsakiya fuska uku ya samu fenti, wato sama da gaba da baya, na gefe biyun kuma fuska huɗu-huɗu. A jarrabawa tarin yakan fi haka yawa, wasu tubalan ma a ɓoye suke, kuma akan yi tambayoyi da dama a kan zane ɗaya. Ɗalibin da bai saba ba yakan sake ƙirga tarin a kowace tambaya. Wanda ya saba kuwa sau ɗaya yake bin tubalan, yana rubuta adadin fuskokin kowanne a ɗan jadawali, sannan ya amsa duk tambayoyin daga jadawalin.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita. Binciken David Uttal da abokan aikinsa na 2013, wanda ya tattara sakamakon nazarce-nazarce 217, ya nuna cewa horo yana inganta iya hangen siffofi, kuma ingancin yana ɗorewa. Sai dai irin wannan ƙwarewa ta fi kama da koyon tuƙin keke fiye da haddar darasi. Minti ashirin ko talatin a kullum tun daga makon farko sun fi kwana uku cur a makon ƙarshe. A farko ma yana da kyau ɗalibi ya ɗauki takarda ta gaske ya ninke ya huda ya warware, har idonsa ya saba ya daina buƙatar hannu.

5.0 Tsara Makonni da Littafin Kurakurai

Yawancin masu shirin wannan jarrabawa sukan ware wata biyu zuwa huɗu. A ɗauka ɗalibi yana da mako goma sha biyu. Abin da ya fi dacewa ya fara da shi shi ne cikakkiyar jarrabawar gwaji tun kafin ya buɗe littafi. Makin zai yi ƙasa, kuma ba abin damuwa ba ne, domin manufar ita ce a gano inda rauni yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗalibi yana da halin komawa ga darasin da ya iya saboda daɗin da yake ji idan ya ci, alhali ƙarin makin yana can wajen darasin da yake gudu.

Makonni shida ko bakwai na farko na bin batutuwa ne, tare da gwada kai da katuna da atisayen siffofi a kowace rana. Sauran kuma na tambayoyi ne a cakuɗe da agogo a gefe, da cikakkiyar jarrabawar gwaji kamar sau ɗaya a mako, a lokacin da za a yi ta gaske, da hutu iri ɗaya, ba waya ba tashi. Dalilin wannan tsanani shi ne lissafi ne ke zuwa a ƙarshe, bayan mutum ya shafe fiye da sa'a uku yana amsa tambayoyi. Wanda bai taɓa yin lissafi a gajiye ba, ranar jarrabawa zai fara.

Amfanin jarrabawar gwaji yana cikin bitar da ke biye da ita ne, kuma bitar takan ci lokaci daidai da zaman kansa ko fiye. Ɗalibi ya tanadi littafi guda inda zai rubuta kowace tambayar da ya faɗi, har da wadda ya ci da ka-cici-ka-cici, ya kuma rubuta dalili. Shin bai san batun ba ne sam? Ko ya sani ya manta? Ko bai karanta tambayar da kyau ba, ya tsallake kalma irin "ban da"? Ko lokaci ne ya ƙure masa? Kowane dalili da maganinsa. Na farko littafi yake buƙata, na biyu kati, na uku natsuwa, na huɗu kuma koyon barin tambaya mai wuya a sa mata alama a wuce. Wanda ya mayar da komawa littafi maganin duka huɗun, uku daga ciki za su ci gaba da bin sa.

Barci ma yana cikin shirin. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka nuna cewa abin da aka koya ya fi zama idan barci ya biyo baya fiye da idan an ci gaba da harkoki a farke, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa hakan. Kwana a zaune a daren jarrabawa cinikin faɗuwa ne: a sami 'yan bayanai kaɗan, a rasa kaifin da ake buƙata don amsa tambaya a sakan 40. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Abin da ya Shafi Malami a Aji

A Nijeriya tsarin ya bambanta. Mai son karatun likitancin haƙori yana shiga ne daga sakandare ta hanyar jarrabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa, inda zai amsa Ingilishi da bayoloji da kemistiri da fiziks, tambayoyi 180 a cikin sa'a biyu, wato sakan 40 ga kowace tambaya, daidai da kashin siffofi na DAT. Ke nan nauyin da ɗalibin Amurka ke ɗauka bayan ya yi shekaru a jami'a, a nan yaro ɗan shekara goma sha bakwai ne ke ɗaukarsa, kuma ɗabi'ar karatun da zai shiga ɗakin da ita ita ce wadda ya samo daga malamansa na firamare da sakandare.

Malami ba ya buƙatar kayan aiki na musamman don ya dasa waɗannan ɗabi'u. Malamin Hausa da ya koyar da ginin jimla a makon jiya yana iya buɗe darasin yau da minti biyar na tambayoyi, littattafai a rufe: biyu daga darasin jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga zangon da ya wuce. Kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa kafin a faɗi daidai, domin idan ɗaga hannu aka ce a yi, mutum uku ko huɗu ne kawai za su yi aikin zaƙulowa, sauran 'yan kallo ne. Bai kamata a riƙa sa makin irin wannan gwaji a cikin sakamakon zango ba, don kada tsoro ya sa yara satar amsa, wanda zai rushe manufar baki ɗaya. Haka nan a aikin gida, maimakon tambayoyi goma duk a kan lokutan aikatau, sai a sa huɗu a kansu, sauran shidan a ɗebo daga jinsi da jam'i da karin sauti da aka riga aka wuce.